Shawara a Ƙarƙashin Aska

Idan ana lissafin mutanen da ba sa yanke hukunci da garaje, to a tura kowa gefe a fara da Farfesan Ƙeya. Shagonsa na aski yana kan kwanar titinmu, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga, kodayake shi bai taɓa kiransa shago ba, cibiya yake cewa. Madubi ya cinye bango guda. Akwai kujera mai juyawa da ke kuka duk lokacin da aka zauna mata, akwai kuma farar riga irin ta likitoci, kowane aljihu da nasa matajin. Shi ya raɗa wa kansa Farfesa. Mu muka ƙara masa Ƙeya, domin a nan yake daɗewa, kuma nan ne mai kai ba ya ganin abin da ake yi masa.

Mutum ne mai zurfin tunani, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Tawul ma idan zai saya, sai ya ɗaga shi a rana, ya shinshina, ya ce zai dawo.

To irin wannan bawan Allah ne yayan matarsa ya bugo wa waya daga ƙasar waje. Yayan yana da shagon aski a can, kujera ɗaya ta rasa mai ita, akwai ɗakuna a saman shagon, akwai makaranta a bayan layi. Ya ce Farfesa ya kwaso iyalinsa da kayan aikinsa ya taho. Abu ɗaya ya roƙa: a ba shi amsa kafin a buɗe makarantu, don ya nema wa yara gurbi, kuma kujera ba za ta zauna tana jiran mutum har abada ba.

Farfesa ya ajiye waya, ya gyara wuyan riga, ya dubi masu jiran layi a kan benci.

"Ƙaramin mutum ne ke jin an ce ƙasar waje ya hau ɗaure kaya," in ji shi. "Ni ba kaina kaɗai nake ɗauke da shi ba. Akwai iyali, akwai tsohuwa, akwai sana'a, ga kuma kawunan jama'a da Allah ya ɗora mini amanarsu. Zan yi shawara mai faɗi. Zan ji ta bakin kowa."

Ya kuwa cika alkawari, sai dai yana da tsarinsa. Zai zaunar da kai, ya lulluɓe ka har hannuwa, ya shafe maka fuska da kumfa, ya kwantar da kanka baya, ya ɗora aska daidai maƙogwaro. A nan ne yake neman ra'ayinka.

Ranar da ya tashi da son tafiya, direban bas ne a kujera.

"Direba, kai ka ga duniya. Tsakaninka da Allah, mai basira irina ya dace ya tsufa a kan kwanar nan?"

"Bai dace ba, Farfesa," in ji direba, ba tare da ya motsa haɓa ba.

Washegari wani ya nuna masa hoton dusar ƙanƙara ta rufe motoci a can, sai son gida ya motsa masa. Malamin makaranta ne ya faɗo hannu.

"Malam, kai mai ilimi ne. In na tafi, wa zai riƙe ƙeyar garin nan?"

"Babu," in ji malam, idonsa a kan silin.

Abin ya riƙa ba Farfesa mamaki, yadda ra'ayin jama'a ke juyawa kullum, kuma kullum sai ya faɗo daidai kan nasa. Ya yi nazarin wannan ma, ya gano cewa alamar shugabanci ce.

Mutum ɗaya ya taɓa gwada wata hanya. Mai kantin magani ne, ya buɗe baki ya ce, "Ni dai a ganina..." Farfesa ya sunkuyo don ya saurara da kyau, hannunsa ma ya sunkuyo tare da shi. Mai magani ya koma kantinsa ya manna wa kansa filastar da yake sayarwa. Tun daga ranar ba a sake jin "a ganina" a cibiyar ba.

Kada a ce shawara kawai ya yi, ya yi gwaje-gwaje ma. Ya sayo wata jibgegiyar rigar sanyi ya riƙa aski a cikinta da tsakar rana, wai yana horar da jikinsa, gumi na ɗiga a kunnen mutane. Ya ji an ce gashin mutanen can santsi gare shi, sai ya samo kan 'yar tsana mai dogon gashi ya kafa a kan tebur, yana yi mata gyaran fuska cikin ladabi, masu kai na gaske suna hamma a benci. Mai wanki da guga ya taɓa fita da rabin gashin baki, domin ana tsakiyar aiki Farfesa ya tuna bai duba nisan asibiti daga shagon surukinsa ba, ya shige waya bai fito ba.

Mutum ɗaya ce ba a taɓa neman ra'ayinta ba, wato matarsa. Ba raini ba ne. Ba ta da gemu, saboda haka babu dalilin da zai kai ta kujerar shawara.

Ita kuwa ba ta zauna ba. Ta tambayi yayanta komai game da makarantar. Ta zauna da surukarta, tsohuwa ta ce ita ko ina ne za ta je in dai akwai bargo da jikokinta. Babbar 'yarsu har ta fara koyon yaren can a waya, tana gaishe da kyanwar gida da shi. Ni wannan ne ya fi taɓa mini zuciya, domin yarinyar ta sa rai da gaske.

"Baban yara, Yaya ya sake bugowa," matar kan ce idan ta ajiye masa abinci.

"Kada ki katse mini tunani. Ina tsakiyar wani muhimmin ɓangare."

"Ya ce lokaci fa yana..."

"Lokaci na masu gaggawa ne. Miƙo ruwa."

Ana nan sai wani ya buɗe shagon aski a tsallaken titi. Ba wani gwani ba ne, saje ma yakan bar ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Amma ba ya magana. Ka zauna, ya aske ka, ka tashi. Benci ya fara yin sauƙi a cibiya, Farfesa ya lura, ya girgiza kai cike da tausayi.

"Bayin Allah," ya ce wa kan 'yar tsana. "Sun fara koya wa zuciyarsu haƙurin rashina. Ba sa iya haɗa ido da ni."

Wata safiya ya aika a kira matarsa, wai nazari ya kammala. Ta shigo, ta dubi benci babu kowa, ta wuce kai tsaye ta zauna a kujera mai juyawa. Kujera ta yi kukanta. Hannun Farfesa da ya saba ya kai ga aska da kansa.

"Ajiye askar nan," in ji ta.

Ya ajiye. Ya yi gyaran murya, ya riƙe gaban rigarsa da hannu biyu.

"Uwar yara, na auna sanyi, na auna zafi. Na duba makomar yara, da lafiyar tsohuwa, da martabar sana'a. Na ji ta bakin manya da ƙanana, babu wanda na tauye. Na yanke hukunci. Za mu tafi."

"Ina?"

"Wurin yayanki mana."

"An buɗe makarantu can da nan tun watan jiya, Baban yara. Yaran nan ta ƙofar nan suke wucewa kowace safiya da jakunkunansu, har ɗaga musu hannu kake yi. Yaya ya jira har ya gaji, ya ba wani kujerar. 'Yarka ta yi kukanta ta share hawaye. Na zo gaya maka, ka ce in miƙo ruwa."

Wannan ce shawara ta farko da aka taɓa bayarwa a kujerar nan babu ƙarfe a wuya, kuma Farfesa bai ji daɗin ɗanɗanonta ba. Amma babban mutum ba ya faɗuwa a gaban iyali. Ya murmusa.

"Alhamdu lillahi. Dama can zuciyata ta fi karkata ga zama. Garin nan ba zai iya rayuwa babu ni ba. Da bakinsu suka faɗa."

Matar ta gyara zama. Ta sa ƙafa ta juya kujerar har ta fuskanci ƙofa, ta nuna masa tsallaken titi da haɓa. Ga direba, ga malam, ga mai magani, ga mai wanki da guga da gashin bakinsa cikakke, sun jeru a bencin mutumin da ba ya magana, suna ta musu da ƙarfi, kowa da ra'ayinsa. Ta tashi ta kakkaɓe zaninta ta fita.

Farfesa ya daɗe a tsaye. Hukunci irin wannan yana buƙatar a ji ta bakin wani, ga shi kuma cibiya babu kowa. Sai ya zauna a kujerar, ya lulluɓe kansa da mayafin aski, ya shafa kumfa, ya ɗaga haɓa, ya ɗora aska daidai maƙogwaro. Ya dubi mutumin da ke cikin madubi.

"Tsakaninka da Allah, na yi kuskure?"

Mutumin ya dubi Farfesa, ya dubi askar.

"Ko kaɗan, Farfesa," in ji shi, ba tare da ya motsa haɓa ba.