Bitamin Talatin da Gonar Baba Gaiya

Wani ne a Maitumbi, masinja a wani ofis, siriri kamar da biro aka zana shi. In iskar hadari ta taso sai ya nemi falwaya ya riƙe. Shi ne ya ga wata yarinya 'yar Beji mai suna Joy, ya ce duk duniya sai ita.

Uban yarinyar, Baba Gaiya, manomin doya ne. Ranar da mutumin ya je gaisuwa, tsohon bai tambaye shi albashi ba, bai tambaye shi dangi ba. Damtsensa kawai ya kama ya latsa, kamar mai zaɓen mangwaro.

"Mu a nan, mai neman aure sai ya yi wa suruki aikin gona," in ji tsohon. "Ran Asabar ka zo ka tara mini ƙasar shuka doya. Tuli ɗari biyu. In ka yi, Joy taka ce. In ka kasa, akwai masu jira."

Ran Laraba ke nan. Shi kuwa abu mafi nauyi da ya taɓa ɗagawa a rayuwarsa fayil ne.

Da ya dawo gari, daga tasha bai zame ko'ina ba sai kemis ɗin Madam Rifkatu.

"Madam, maganin ƙarfi nake so. Na noma."

"Babu maganin noma. Ga dai bitamin, ƙwaya talatin. Ɗaya kullum, bayan abinci. Ka riƙa cin wake da ganye da ƙwai. Nan da wata guda za ka ji dama-dama."

"Wata guda? Asabar fa aka ce mini."

"Jikinka bai san da Asabar ba."

Ya koma gida ya zauna bakin katifa ya yi nazari. Ƙwaya talatin, kwana uku. Goma-goma ke nan. Har ya ɗan ji tausayin Madam, mace da karatunta amma ta kasa gano wannan. Ya watsa goma a baki ya bi da ruwa.

Da safe ya zaga bayan gida. Fitsarin nan ya fito ruwan ɗorawa, har da ƙyalli, sak launin ƙwayar. Ya tsaya yana kallon ƙarfinsa yana bin kwata. Ko fuska bai wanke ba ya koma kemis.

"Madam, maganinki ba ya zama. Shiga yake ya fita."

"Nawa ka sha?"

"Goma."

Madam Rifkatu ta cire tabarau ta ajiye a kan kanta.

"Bawan Allah, jiki yana da mudunsa. Kowace rana ɗan kaɗan yake ɗiba. Irin wannan bitamin ɗin, in ya ɗebi nasa, sauran fitsari yake bi. Ka ma gode Allah ba ƙwayar ƙarin jini ka yi wa haka ba. Ita taruwa take yi, da yanzu kana kwance a asibiti."

"Wato tara ya zubar."

"Kusan haka."

"Bai tambaye ni ba."

"Ba ya tambaya."

"To wa ya yanka masa mudun?"

"Masana ne suka auna, suka ce ga abin da mutum yake bukata a rana."

"Su masanan sun taɓa tara ƙasar doya?"

Madam ta mayar da tabarau ta kira mai bi masa a layi.

Ya fito ransa a ɓace, ya biya wajen abokinsa Sheshi mai faci, wanda ya bar makaranta a aji biyu saboda, a cewarsa, malaman sun gama faɗa masa duk abin da suka sani. Sheshi ya saurare shi yana tsoma tib a baho yana neman huda.

"Matsalarka yoyo ce," in ji Sheshi. "Kullum ita nake gyarawa. Taya in tana sacewa ba iska ake ƙara mata ba, hudar ake toshewa. Jikin nan naka ragwanci ne da shi, ya ga ƙofa a buɗe. Ka rufe ƙofar, dole ya zauna ya tsotse abinsa."

"Har yaushe?"

"Har ka gama aikin. Ni na taɓa yin kwana huɗu."

Ran Juma'a da yamma mutumin ya zaga zagawar ƙarshe, ya haɗiye ashirin ɗin da suka rage, ya rufe ƙofa.

Asabar da sassafe ya hau acaɓa zuwa Beji. Duk ramin da suka faɗa sai ya saki wani siririn sauti ta hanci. Da suka wuce Bosso ɗan acaɓan ya waiwayo.

"Oga, kuka kake yi?"

"Waƙar coci ce. Ka dai riƙa kauce wa ramin."

A gona Joy ta tarbe shi da jug ɗin kunun zaƙi, uban na tsaye yana kallo. Ba a mayar da kunun gidan suruki. Ya sha kofi ɗaya. Ta ƙara masa. Ya sha, idonsa ya yi ja. Aka miƙo masa garma.

Nan ya gano wani abu: in ya tsaya, abin ya fi matsa masa. Saboda haka bai tsaya ba. Ya kafta, ya tara, ya yi tsalle zuwa gaba, cinyoyi a haɗe. Ya kafta, ya tara, ya yi tsalle. Ƙasa na tashi sama kamar an sako katafila. Maƙwabtan gona suka ajiye nasu aikin suka zo kallo. Wani ya ce salon noman 'yan birni ne. Wani ya ce a'a, a talabijin ya taɓa gani, haka ake yi a ƙasar waje.

"Ɗana, ka huta," in ji Baba Gaiya.

"Ba na hutawa, Baba."

"To ga ruwa."

"Kada ma a tsiyaya shi kusa da ni."

Kafin rana ta take, tuli ɗari biyu sun jeru. Ya yar da garma ya hango wani daji can gefe, ya ɗaga ƙafa ke nan tsohon ya riƙo hannunsa.

"Ina za ka? Tun da nake ban ga mai noma irinka ba. Durƙusa nan in sa maka albarka."

Ya durƙusa a gindin tulin ƙarshe. Baba Gaiya ya ɗora masa hannu a ka, ya faro daga kakansa da ya sare dajin nan. Ya bi ta kan shekarar fara. Ya bi ta kan wata akuya da ta ɓata aka gan ta a Zungeru. Mutumin na cewa amin tun ba a zo wurin amin ba. Tsohon ya iso ranar da aka haifi Joy, ya ce ranar an yi wani irin ruwa, kamar da bakin ƙwarya, kwana biyu yana zuba, yana zuba, rafi ya cika ya tumbatsa.

A nan ƙofa ta ɓalle.

Abin ya ɗauki lokaci. Joy ta juya tana nazarin wata bishiyar kaɗanya. Gindin tulin nan ya jiƙe sharkaf, ya rine ruwan ɗorawa, yana ƙyalli a rana.

Baba Gaiya ya janye hannunsa a hankali.

"Ɗana, mene ne wannan?"

"Taki ne, Baba. Bitamin zalla, na kwana ashirin. Ban so in zo gonar suruki hannu rabbana ba."

Tsohon ya sunkuya ya duba tulin, ya gyaɗa kai. Sannan ya miƙe ya bi gonar da kallo har ƙarshenta.

"Madalla. Sai dai ni ba na nuna wa doyata bambanci. Saura tuli ɗari da casa'in da tara, sannan mu yi maganar Joy."