Maƙogwaron Mai Gari

Zamanin Yaƙi da Jahilci ni ke koyar da manya a ƙauyenmu, bayan Tafoki. Na dawo kwas da ilimi sabo fil: in ka ce "zzz" maƙogwaro yana rawa, in ka ce "sss" ba ya motsi. Ran da Mai Gari ya leƙo ajinmu, na ce yau zan nuna kaina.

"Ranka ya daɗe, ce zzz."

Yana farawa na zura hannu ƙarƙashin rawaninsa na cafki wuyansa. Ban ankara ba fadawa sun kai ni ƙasa. Ina kwance na ji yana ta "zzz", hannunsa a wuya.

"Ku sake shi, wallahi yana rawa!"

Har yau in na shiga kasuwar Yankara, dattawa sai su kare wuyansu su ce, "Malam, mu sss za mu ce."