Ciyawar da Ba Ta Cin Taki

"Gida lafiya lau, maigidana, sai dai rana. Kai ne tafe yanzu? Ko sun gane ba ka iya aikin ba ne suka koro ka?"

"Abinci na zo ci, amarya. Wannan fa mene ne?"

Tasere ya kashe babur ya tsaya riƙe da hular kwano. A tsakiyar gidansa na unguwar Saba, gefen Wagadugu, kan bulon da ya sa aka shimfiɗa don kada ya ƙara ganin laka, an jibge takin awaki cikin amalanke guda. Kakarsa, Yaba Kudpoko, tana tsaye a kai da tsohon kwano, ta ɗaure zani tamau kamar mai shirin dambe.

Wata biyu ke nan da ya ɗauko ta daga Lumbila, inda ta yi shekara hamsin tana noman lambu a bakin dam, don ta zauna da shi ta huta da ciwon gwiwa. Shi yana asibiti yana ɗaukar hoton ƙashi, matarsa Zalisa tana banki, ba mai lokacin shara balle ban-ruwa. Saboda haka suka yi wa gidan abin da ya fi sauƙi: bulo, farar tsakuwa, kyarana uku a tukwane, sai wata koriyar ciyawa ta roba a gaban baranda. Ranar da tsohuwar ta iso ta tambaye shi irin ciyawar, bakinsa ya ƙi furta roba. Jikan Kudpoko guda, ya sayi ciyawa a shago ana auna masa da mita? Sai ya ce irin turawa ne. Tun ran nan take ba ta bokiti huɗu kowace safiya, shi kuma yana wucewa kansa a ƙasa.

"Taki ne, ko a asibitinku ba a koya muku?" in ji ta. "Ciyawarka ta ƙi tsawo. Yunwa take ji, kamar duk wanda ya zauna a hannunka."

"Wa ya ce ki sayo?"

"Mace mai miji marowaci ai da kanta take zuwa kasuwa."

"Ni ne marowacin? Wa ya sa miki haƙoran da kike zagina da su?"

"Ka sa min haƙora ka hana ni nama. Matsa min, inuwarka ma ba ta da auki."

Ta cika kwanon ta nufi ciyawar tana ɗingishi. Tasere ya sha gabanta.

"Yaba, wannan irin ba ya son taki."

"To me yake ci? Burodi da bota?"

"Haka aka yi shi. Ba ya ci, ba ya tsawo."

"Kamar kai ke nan. Na ba ka tuwo shekara goma, har yau gemunka bai kai na bunsuru ba."

"Da wannan gemun kika gan ni kika nace."

"Tausayi ne. Na duba duk Lumbila na ga ba mai ɗauka."

Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Yana kallon gwiwarta da ta kumbura, yana tuna bokitan nan huɗu, kunya ta rufe shi. In ya bari ta zuba takin, gobe ma ƙarya zai ƙara. In ya faɗa, ya mayar da tsohuwar da ake zuwa tambaya daga ƙauyuka bakwai abin dariya a gaban maƙwabta. Ya aje hular a kan babur.

"Yaba, roba ce."

"Mece ce roba?"

"Ciyawar. Irin ta bokiti da silifa. A shago na saya, naɗe take zuwa kamar tabarma. Ƙarya na yi miki, kuma kullum ina ganin kina ɗaukar ruwa na kasa magana. Ki yafe min."

Tsohuwar ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta aje kwanon a hankali, ta zauna a bakin baranda ta miƙe ƙafar mai ciwo.

"Wata biyu da kwana uku," in ji ta. "Na ce bari in ga ranar da bakin mijin nan zai buɗe. Ashe sai an kawo masa kashin awaki har gida."

"Kin sani?"

"Kai dai Allah ya yi wawa. Ranar da na zo na taka ta ba takalmi, ta ƙona min tafin ƙafa. Ciyawar da ko tururuwa ba ta bi? Ko fara ta sauka a kai sai ta tashi tana tsaki. Ni za ka yi wa irin turawa? Kafin a haifi ubanka nake tura latas Wagadugu."

"To don me kike ta wahala da ruwa?"

"Me kake so in yi, in zauna in ƙirga kyarana? Na nemi tsintsiya, ba ganyen da zai faɗo. Na nemi turmi, Zalisa ta nuna min wani abu mai ihu. Wanki ma inji ke yi. Na zaga gidan nan kaf ina neman abu ɗaya da zai mutu in ban tashi da safe ba, ban samu ba." Ta murza gwiwa. "Ka yi gidan da ba ya bukatar kowa, sannan ka ɗauko ni ka aje a ciki. Ranar Juma'a zan bi motar Lumbila. Can ko kazar maƙwabta ta san da ni."

Wannan maganar ta fi ƙaryar yi masa ciwo. Tasere ya tsuguna a gabanta, bai iya haɗa ido da ita ba. Shi a ganinsa hutu ya saya mata, har yana yi wa abokan aiki alfahari da shi.

"In kika tafi wa zai riƙa zagina?"

"Ka yi hayar wani. Ko ka sayo na roba."

"Ba za ki tafi ba. Na hana, ni ne mijin."

"Mijin da ko fartanya babu a gidansa."

"Zan saya yau."

"Ka san ta inda ake riƙewa?"

"Za ki nuna min. Me kike so a shuka?"

"Ban ce na fasa ba." Ta kau da kai, amma bakinta ya riga ya fara lissafi. "Yakuwa dai ta bango. Gasaya a tsakiya, don Zalisa ta daina sayo wadda ta kwana. Kuɓewa layi biyu. Za ta kawo sauro da laka, ka sani, kuma za ka dawo daga aiki ka tarar da ganye har kan babur ɗinka."

"Na yarda."

"Ba ka da lokaci, kai ka faɗa."

"Ke kina da shi. Sai dai ƙasar nan tauri gare ta kamar dutse, sai na nemo masu diga."

"Ɗaga tabarmar taka ka gani."

Ya kama gefen ciyawar ya ja, ƙusoshin da suka riƙe ta suka fita ba gardama. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta yi duhu, ta yi laushi, tana ƙamshin damina. Ya tura yatsa ya shige har gaɓa biyu. Ya ɗago yana kallon kakarsa.

"Kai ka ɗauka robar nake ba ruwa?" in ji Yaba Kudpoko. "Ƙasar da ka binne da rai nake ba haƙuri."

Tasere ya yi dariya har ya zauna daɓas a kan bulo, yana share ido da bayan hannu.

"Kin ci, amarya. Gidan naki ne."

"Na sani. Cire wannan farar rigar ka ɗauki kwano, takin ba zai kai kansa ba."