Na Sauka Kano a Bur Sudan

A unguwar Zahir ta Makka aka haife ni, iyakata Jidda, amma da muka hau jirgin ruwa zuwa Legas bayan Nijeriya ta sami 'yanci, ni ke yi wa fasinjoji bayanin hanya. Matata Hajara ta ce tafiyar makonni ce. Na ce ta bar wa masana.

Washegari jirgi ya tsaya. Na leƙa, sai na ji 'yan dako suna Hausa: "Kama nan, ɗaga can!" Na sungumi akwatinmu na sauka, na rungume wani dattijo ina kuka.

"Baba, yau na taka ƙasar ubana! Ina motar Kano?"

Ya dube ni, ya dubi akwatin. "Ya Hajji, nan Bur Sudan ne. Ni kaina Makka na nufa."

Kaina ya ɗaure, har sau biyu na sake tambayarsa.

Daga nan duk tashar da muka tsaya sai fasinjoji su ce, "Alhaji, ɗauko akwati, mun iso!" Har yau ko unguwar Ka'akiyya a nan Makka muka je gaisuwa, Hajara kan raɗa mini, "Kada ka yi kuka, Alhaji, ba Kano ba ce."