Taraktar Aro a Gidan Surukaina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis a Wara, ana gobe ɗaurin auren ƙanwar matata. Shekara uku ke nan, amma har yau in na tuna sai in ji kunya ta taso mini sabuwa.

Gara in fara da faɗin gaskiya: ni ba injiniya ba ne. Awon filaye na karanta, shi nake yi a wani ofis a Yelwa. To amma tun ranar da na gyara wa surukina fitilar sola (waya ce ta saki, na murɗe ta), mutanen gidan suka sa mini Injiniya. Shekara shida ina amsa sunan, ban taɓa cewa kuskure ne ba. Daɗi yake mini.

Mun iso da hantsi ni da matata Hadiza. Na ci ado cikin sabuwar babbar riga ta shadda, mai ruwan madara, ta sha aiki a wuya. Ita ta shige cikin gida, ni kuma na wuce gindin mangwaro inda Baba, wato surukina, ke zaune da dattawa huɗu. Na durƙusa na gaishe su. A gefensu akwai filin da za a kafa rumfunan baƙi, ƙarshen damina ne, ciyawa ta kusa gwiwa. Ga kuma wata 'yar tarakta ja, ba ta fi keken-guragu biyu girma ba, mai injin gas, da wuƙaƙen yankan ciyawa a ƙarƙashinta.

Baba ya ce ta abokinsa ce, Alhaji Mamman, mai masaukin baƙi a bakin tafki. Ya ce mutumin ko ƙannensa ba ya ara wa ita, albarkacin zaman tare ne ya aiko da ita da safe. Sai dai mai tuƙa ta ya tafi jana'iza Shanga, ga masu rumfa za su zo bayan la'asar. Yana faɗin haka, sai duk dattawan suka juyo suka dube ni.

Da ina da hankali da na ce ban taɓa hawa irinta ba. Maimakon haka na ce ai ƙaramin abu ne.

Na ɗan sha wahala kafin in gane yadda ake sa mata giya, amma na gane. Na zauna na baza rigata a kan gwiwoyi yadda aikin zai fito sosai, na kama sitiyari. Ciyawa na zubewa a bayana, dattawa na jinjina kai. Har wata iska mai sanyi nake ji tana ja ta wajen ƙafafuna, na ce a raina lallai masu ƙera abin nan sun san darajar direba.

Ban yi minti goma ba allurar zafi ta haye ja. Tururi ya fara fita ta gefen bonet. Na kashe na sauko.

Na naɗe rigar a kafaɗa, na buɗe bonet, na tsaya ina kallon injin kamar mun saba. Allah ya taimake ni na tuna ba a buɗe murfin lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji, da zafi, don haka na jira ya huce (wannan kaɗai ne abin da na yi daidai a ranar). Ruwa ya ɗan ragu, na cika da buta. Na zaro sandar baƙin mai, yana nan daidai. Na tayar da injin ina tsaye a gefe, ya yi ta aiki, allura na tsakiya ba ta motsa ba. Na sanar da dattawa cewa ƙishirwa ce kawai.

Na hau. Minti goma, ja.

Karo na biyu na laɓe bayan taraktar na duba waya. Abin da na karanta ya ce a duba bel ɗin fanka, a duba ragar da iska ke shiga. Na danna bel da yatsa, a ɗaure yake. Ragar kuwa tana ƙarƙashin sitiyari ne, daidai gaban gwiwar mai tuƙi, ta nan fanka ke zuƙo iska ta kai wa lagireto. Na tsince ɗan ɓurɓushin ciyawar da ke jikinta, na wanke haƙarƙarin lagireton tas. Na sake tayarwa, na bar shi kusan kwatan awa ina tsaye. Lafiya lau. Wani dattijo ya ce, “Sannu da aiki, Injiniya.” Na amsa da murya irin ta wanda ya saba.

Na hau, na gyara zaman rigata. Ko zagaye uku ban yi ba, ja.

Daga nan ne abin ya fara fin ƙarfina, ni kuma na fara ƙara ilimi a baki. Na yi musu bayanin wani ɗan ƙarfe da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi, na ce mai yiwuwa ya maƙale. Aka samo sifana a maƙwabta na kwance shi. Don in gwada shi sai na je ƙofar cikin gida na kira Hadiza, na ce ta ba ni tafasasshen ruwa a tukunya. Ta dube ni, ta dubi hannuna da ya yi baƙi, ta tambaye ni ko na tabbata na san abin da nake yi. Na ce mata ta kawo ruwa kawai. Na jefa ƙarfen a ciki gaban kowa, ya buɗe baki yadda ya kamata. Ba shi da laifi. Na mayar da shi.

Bayan azahar na hau karo na huɗu, aka maimaita. Rabin filin ma ban yanke ba.

Sai na yi abin da mai girman kai ke yi in dabara ta ƙare masa: na ɗora laifin kan babbar cuta. Na ce gaskit ya ƙone, sai an sauke kan injin, kuma da wuya a sami kayansa kusa. Ban ga wata alamar hakan ba, sunan ne kawai na sani.

Baba ya cire hularsa ya shafa kai, ya ce abin aro ne, kuma a hannunsa ya lalace. Ya ce gara Alhaji Mamman ya ji daga bakinsa. Ya zaro waya yana laluben lamba. A nan ne na gane abota ce ta tun ƙuruciya nake shirin ɓatawa da ƙaryata.

Ashe tun karo na huɗu akwai mai kallona. Gwaggo Asabe ce, yayar Baba, wadda ta shekara da shekaru tana da injin niƙa mai gas a bakin kasuwa. Labarin dafa ƙarfe a tukunya ne ya fito da ita. Tana tsaye da sandarta, ta ce wa ƙanenta ya aje wayar tukuna.

“Baban Ummi,” ta ce mini, don da sunan 'yarmu take kirana, “in kana ƙasa lahiya lau, in ka hau ya yi zahi, ko ba haka ba?”

Na ce haka ne, saboda nauyin aiki ne, na fara wani bayani.

“Hau mu gani.”

Na hau na tayar. Ta matso a hankali, ta sa bakin sandarta ƙarƙashin sitiyari, ta ɗago gaban rigata. Sai da ta ɗan ja kafin shaddar ta saki ragar, har da ƙara, fat. Ashe duk lokacin da na zauna, fanka na zuƙe rigar ta manne a ragar, ta rufe ta ruf. Ga shatin ragar nan a jikin shaddata, murabba'i, baƙi ƙirin.

“Injin ga lahiyatai lau,” in ji ta. “Kai ka toshe mai hanci. Tuɓe rigag ga.”

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Wani dattijo ya kama tari. Baba ya mayar da waya aljihu ya dubi sama, yana nazarin ganyen mangwaro.

Saura kuma tuɓewar. Tela bai gama 'yar cikin ba, don haka abin da ke ƙarƙashin babbar rigar tsohuwar singileti ce, mai huda biyu a ciki, ɗaya a baya. Na tsaya ina jan lokaci, Gwaggo ta miƙo hannu tana jira. Haka na tuɓe a gaban surukina, ta karɓa ta rataya a kafaɗarta. Na yanke sauran filin cikin singileti da wandon shadda da hula mai tsada, fiye da awa ɗaya, ina zuwa ina dawowa ta gaban dattawa. Allurar ko gezau ba ta yi ba. Masu rumfa suka iso suka same ni a haka, ɗayansu har ya tambaye ni ko ni ne direban Alhaji Mamman. Na ce eh, don ya fi sauƙi.

Da na gama na je na durƙusa gaban Baba, na ce masa maganar gaskit ɗin ban san ta ba, faɗa kawai na yi. Ya ce ya gane hakan, kuma fili ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Bai sake tayar da zancen ba har yau. Hadiza ce dai ta yi dariyar da kowa ya riƙe, tun daga Wara har muka shiga Yelwa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma yana mini amfani. Yanzu in abu ya ƙi tafiya, a ofis ne ko a gida, kafin in zargi inji ko in zargi mutane, nakan ja gefe in ga ko zai gyaru in ba na wurin. Abin takaicin shi ne, sau da yawa yana gyaruwa.