Yadda Ake Goge Kaka Daga Hotonta, Cikin Matakai Bakwai

Ya kai mai karatu, ina yi maka alkawari irin na wanda ya shafe shekara huɗu a jami'a yana tunani a kan ma'anar kyau: muddin ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka lalata hoton da danginku ba za su sake samun irinsa ba. Na gwada da kaina, sakamakon har ya wuce yadda na zata.

Kayan aikin kaɗan ne: waya mai tsada, falo mai taga, da kaka wadda ta tsani hoto. Tawa ta yi shekara ashirin tana ƙin tsayawa gaban kyamara. Ta amince sau ɗaya tak, na minti biyar, saboda yayarta da ke wata ƙasa mai nisa ta aiko cewa idonta na mutuwa, tana so ta ga fuskar ƙanwarta tun tana iya gani.

1. Karɓe aikin da ƙarfin tsiya

Kada ka yarda a kira mai hoton bakin titi. Tunatar da kowa cewa akwai mai digiri a gidan. Da Kawu ya tambaye ni ko digirin nawa na hoto ne, sai na fahimtar da shi cewa ilimi duk ɗaya ne, rassa kawai ya yi.

2. Kada ka goge idon kyamara

Maiƙon yatsunka na wata shida yana nan a kai, bar shi. Shi ne zai sa kowa ya fito dishi-dishi kamar ana tuna shi a mafarki. Ai rayuwar ma haka take, wa ya taɓa ganinta tar?

3. Jera dangin, taga na bayansu

Hasken zai cinye fuskoki, ya bar maka baƙaƙen inuwoyi goma sha ɗaya masu ɗankwali da huluna. Idan Gwaggo ta ce a juya a fuskanci hasken, yi mata murmushin tausayi. Ba ta yi jami'a ba.

4. Nemi kusurwa

Ɗan koyo ne kawai ke ɗaukar hoto a tsaye. Durƙusa. Karkace. Kwanta rub da ciki a kan darduma, ka ɗago wayar ta leƙa cikin hancin kowa. A nan za ka sare kan Kawu daidai gira, ka ba fankar silin rabin hoton.

Ina kwance haka Kaka ta leƙo ni ta ce, "Kai miji na banza, hoto kake ɗauka ko allura ka yar?"

Kada ka amsa. Mai fasaha ba ya bayani yana kwance.

5. Ƙirga uku, ka danna a biyu

Wannan ne sirrin samun idanu a rufe da bakuna a buɗe. Bayan kowane dannawa ka ce saura ɗaya. Ni na faɗa sau arba'in da biyu, har jaririyar Anti ta yi barci ta farka, murmushin Baba ya ƙage ya koma irin na mai ciwon haƙori. Minti biyar na cika Kaka ta dafa sandarta ta miƙe, ta sanar da cewa ita da hoto kuma sai a lahira.

6. Gyara abin da shekaru suka rubuta

Yanzu ka kulle kanka a ɗaki da hoto ɗayan da ya ɗan fito. Ja maɓallin gyaran fuska har ƙarshe. Haska ta. Goge tamoji. Rage hanci, ƙara ido. Akwai wani tsohon tabo a goshin Kaka, saman girar hagu; na shafe shi da yatsa ɗaya, na zauna ina jin irin nutsuwar da likita ke ji bayan tiyata. Kaka mai shekara tamanin ta dawo 'yar ashirin da biyar, fuska sumul kamar sabon faranti.

7. Aika kafin kowa ya gani

Shawara tana kashe fasaha. Danna, ya tafi.

Ba a yi awa ɗaya ba saƙon murya ya iso daga yayar Kaka, aka kunna shi a tsakiyar falo. Tsohuwar ta gaishe da kowa, ta yaba fankar, sannan ta ce, "Wace ce wannan yarinyar da kuka ɗaura wa zanen ƙanwata? Ina tabon da na yi mata da murfin tukunya muna yara? Ku nuna mini ƙanwata, idon nan ba jira zai yi ba."

Kaka ta ƙi sake zama a ɗauke ta, ni kuwa na shiga nazarin zaren darduma.

Gwaggo ce ta fizge wayar, ta bi hotunan nan arba'in da biyu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan wanda na ɗauka bisa kuskure ina kwance. A karkace yake, babban yatsana ya rufe kusan rabinsa. A sauran rabin ga Kaka ta sunkuyo, baki buɗe tana yi mini tsiya, tabo raɗau a goshi. Shi ta aika.

Amsar gajeriya ce, dariya da kuka a haɗe: "Yauwa, ga ta nan. Bakin ma bai mutu ba."

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin kan da aka sare, kawun da ya daina amsa gaisuwa, ko kakar da ta koma kiran jikanta Mai Allura a gaban baƙi. Duk mai ƙorafi ya zo falonmu, inda hoton yake rataye a firam. Ni ma ina ciki: yatsan nan nawa ne.