Subiyar da Ta Kwana Biyu a Mota

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ƙarar murfin nan ba. Fau! Ya tashi ya daki rufi, kumfa ta biyo shi ta wanke Malam Harisu tun daga gemu har aljihun farar jallabiyarsa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da gorar, ko "ga tsarabarku" ban ƙarasa faɗa ba.

Bari in koma baya kaɗan. Ni mutum ne da zama wuri ɗaya ke ba wa wuya. Makaranta tun da wuri muka raba gari. Na yi wankin mota, na yi dako, na yi gyaran waya na sati guda (waya biyu na kashe, Allah Ya ba masu su haƙuri). Kawuna Idi yana zagayawa da baƙi cikin Balad, tsohon garin Jidda, 'yan umara masu jiran jirgi. Ni na kawo masa shawarar mu riƙa kai su gidajen masu subiya, su ga yadda ake jiƙa sha'ir da busasshen burodi, a tace, a sa ƙirfa da sukari. Ya ce, "Halas, je ka gwada."

Subiya abin sha ne na nan Hijaz, lafiya lau take in an sha ta da sanyinta. Amma in ta ji zafi sai ta yi ta tsami har ta koma abin da ba a faɗa. Ammi Salihu ya gaya mini haka, wani dattijo ɗan asalin Damagaram da ya tsufa yana yin ta. Na ce, "Haba Ammi, ni fa a Jidda aka haife ni."

Saura kwana biyu baƙin su zo na karɓi gora shida a wajensa, wai in ba su tsaraba in burge. Na jefa a bayan motar Kawu, na tafi kallon ƙwallo. Shi ke nan na manta. Ka san zafin Jidda, ba sai na yi bayani ba.

Ranar, mutum bakwai ne daga Maraɗi, har da limaminsu, Malam Harisu. Muka shiga gida biyu ina ta zuba bayani, rabi gaskiya rabi nawa. Na ƙarshe gidan Ammi. Suka sha, suka sa albarka. Sai na ruga mota na kwaso gorunan. Na ji sun yi tauri kamar dutse, na ce a raina, ka ji kaya mai kyau.

To, bayan fau ɗin sai wari ya tashi. Malam ya shinshina hannun riga.

"Innalillahi! Wannan ai warin burkutu ne!"

Wata Hajiya mai baki ta ce, "Malam, kai a ina ka san warinsa?"

Ba wanda ya yi dariya. Malam ya juya wajen Ammi. "Baba, a ƙasa mai tsarki? Abin da ka ba mu yanzu ma shi ne?"

Wata ta fara tofar da yawu, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. A garin nan irin wannan magana in ta fita, ba rufe ƙofa kaɗai take sawa ba. Kowa na kallon tsohon. Kuma ka san me na yi? Shiru. Har na ja da baya na ɓoye gorar a bayana (wannan ne abin da har yau yake cizona, ba kumfar ba).

Ammi bai ko kalle ni ba. Ya ɗauki gora ɗaya, ya ji zafinta a tafin hannu, ya ce, "Malam, tawa ce. Laifina ne da na ba wanda ban koya wa ba."

Wallahi gara a ce marina ya yi. Na ji bakina na cewa, "Ni ne. Shekaranjiya na karɓa, a mota ta kwana biyu. Ya gaya mini, ban ji ba."

Hajiyar nan ta ce, "Kai ɗan nan, a buge ka so mu hau jirgi?"

Sai a lokacin aka yi dariya. Ammi ya tsiyaye gorunan a kwata a gaban kowa, ya shiga ciki ya ɗauko wa Malam tasa jallabiyar, ya ɗebo sabuwar subiya mai ƙanƙara ya fara sha da kansa. Malam ya kama hannunsa yana, "Baba, ka yafe mini, na yi gaggawa." Mai wayar ya goge abin da ya ɗauka, ina tsaye a kansa.

Abin da na koya? Haihuwa a gari ba ta sa mutum ya san garin, kuma in dattijo na magana a bar ƙwallo ta jira.

Da yamma na tura wa Ammi saƙon murya, don ba ya karanta na rubutu:

"Ammi, ni ne. Allah Ya rufa maka asiri kamar yadda ka so rufa mini. Kawu ya ce ba ni ba baƙi sai na yi wata guda a hannunka. Gobe bayan asuba ina ƙofarka. Ko wankin bokiti ne ka ba ni. Amma don Allah kar ka gaya wa Ummi."